Ƙwallon da Baduku Ya Ɗinke

Abin da na fara gani ranar da muka sauka gidan Kaka a unguwar Faisal ta Alƙahira shi ne wata jar ƙwallo a kan firij, mai tauri kamar dutse. Rabin ɗinkinta farin zare ne, rabin kuma kore. Shekarata tara.

Lokacin sanyi, bayan magariba, mukan kewaye hita da kofunan shayi, ni da 'ya'yan kawuna. Kaka takan sauko da ƙwallon tana murzawa a gwiwarta, sannan ta fara. Ta ce kakanta baduku ne da ya yada zango a Alƙahira kan hanyar Makka. Nan ya haɗu da wani ɗan Ajantina, gwanin wasan kurket, wanda ake jefa ƙwallo a kaɗe da katako. Tun yana saurayi yake jefa wa garinsu ƙwallo, har yaƙin Turawa ya kawo shi Masar da ciwon kafaɗa. Wasa ɗaya ya rage masa, ƙwallonsa kuma ta farke. Baduku ya ɗinke ta. Mutumin ya yi wasansa na kwana uku, ya sha kaye, ya dawo ya bar masa ita.

"Kwana uku, 'yar nan," in ji Kaka, "har da tashi shan shayi."

Na ba da labarin a aji. Aka yi ta dariya, wai Ajantina ƙwallon ƙafa suka sani. Da yamma Kaka ta miƙa hannu kan firij, ni da ba na iya ɗaga ido gaban baƙi, sai na ji bakina ya ce ƙirƙira take yi. Yaran suka ƙyalƙyale.

"Ma'alish, ba komai," ta ce. Ta sa ƙwallon a aljihun tebur. Shekara huɗu ba ta sake ambatonta ba.

Bara ina share ɗakin Kaka na ɗauko tsohuwar gafakar Alƙur'anin kakan nata. Koren zare ne a bakinta, ɗinki biyu a jere, ɗaya a karkace, irin na ƙwallon sak. Na daɗe a tsugune. Abin da nake tsoro a bakin 'yan aji, shi na ɗauko na jefi Kaka da shi a gidanta.

Na same ta tana tsince shinkafa. Na ciro ƙwallon daga aljihun tebur na ajiye a cinyarta, idona a ƙasa.

"Kaka, don Allah, ki faro min daga inda ta farke."