Ɗigo Uku a Bayan Fosta

Jiya jar fitilar baƙin mai ta kama a motata daidai Ƙofar Marusa. Ban tsorata ba. Na gangara gefe na kashe inji, sai marigayi Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya faɗo mini a rai.

Tsohon direba ne, hannunsa ba ya rabo da warin mai. Shekarar da sojoji suka koma bariki, fitilar nan ta kama a tsohuwar motata, ana gobe zan kai Inna asibiti Kano. Bakanike ya ce sai an sauke inji. Kawu ya ja tsaki, ya ɓamɓaro fostar wani ɗan takara daga bangonmu, ya kife ta a ƙarƙashin motar, farin bayanta na sama.

"Yau dai ya yi wa talaka aiki," in ji shi.

Muka ƙara mai, ya bar inji ya yi zafi, ya kashe, muka zauna shan fura. Can ya ce, "Duƙa ka gani."

"Kawu, farar shadda ce a jikina."

"Mota ba ta ƙarya, ɗan nan. Mai ita ne ke ƙin duƙawa."

Na duƙa. Ɗigo uku ne, saitin notin juye mai. Ya murza da yatsa, ya shinshina, ya ɗaure notin da sifana. Washegari Inna ta ga likita.

Jiya ma na duƙa, da furfurata da shaddata. Allah ya jiƙanka, Kawu. Ranar da za a buɗe takardarka, Allah ya sa a same ta fara tas, babu ɗigo ko ɗaya.