Rigata Tana Cikin Akwatin Alhaji Muntaka

Yau Litinin, 18 ga Agusta. Tarin ya ɗan lafa, amma gwiwoyina sun kumbura, kuma bangon gabas na ɗakin nan ya sake tsattsafo da ruwa.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talatar da ta wuce, 12 ga wata, Allah ya karɓi ran aminina Alhaji Muntaka mai atamfa, a gidansa da ke unguwar Djamboutou, nan Garwa. Yau ake addu'ar bakwai. Ni da ya kamata a tarar a tabarmar farko, ban je jana'iza ba, ban je gaisuwa ba.

Alhaji, ka fi kowa sanin ɗakin nan da na kama a gangaren kogin Binuwai bayan na bar aikin koyarwa. Da damina ƙasa ba ta bushewa, littattafai su kumbura, tufafi su yi funfuna. Shekarar ambaliya wani ma'aikacin lafiya mutumin Bamenda, Roger, ya leƙo ya toshe hanci ya ce da Ingilishi wurin nan "dank" ne. Ni da na yi boko tun zamanin Faransawa ban san kalmar ba, sai da na duba ƙamus: wuri mai laima da sanyi da warin funfuna, irin kogo ko kurkuku. Na ji ciwonta. Kai kuwa ka ɗauke ta ka mai da ita sunan gidana. Duk Juma'a ka iso ƙofa ka ce, "Musye Hamadu, yaya mutanen Dank?"

Wata rana ka zo da jikarka Ilham, wadda ke karatu a Ngaoundéré. Da ta ji kalmar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce matasa a waya suna faɗinta ga abin da ya yi kyau ƙwarai, wasu kuma ga tabar wiwi mai ƙarfi. Ka dube ni ka ce, "To Musye, ɗakinka ya samu yabo, ya kuma samu sharri. Zaɓi ɗaya." Ranar ce na fara dariya a kan ɗakin nan.

Ba ka taɓa ce mini in tashi ba, domin ka san ba ni da wurin zuwa. Sai dai ka naɗe hannun riga, kana Alhaji mai shago biyu, ka fitar da katifata rana, ka jera littattafaina a kan katanga. Da ka ga babbar rigata shuɗiya, wadda ita kaɗai ce rigar fita kunya da nake da ita, ta fara baƙin ɗigo a wuya, sai ka ninke ta ka tafi da ita. Tun daga nan kowace damina tana kwana a akwatinka, cikin turaren Hajiya Lauratu. Juma'a ka kawo, in sa mu je masallaci, da yamma ka mayar. Mutane na ce mini tsoho mai tsafta. Ba ka gaya wa kowa ba, ko 'ya'yanka.

Ciwo ya kwantar da kai rigar tana wurinka. Abin da ya rage mini a nan jamfa ce guda, ta yi tabo, warinta yana riga ni shiga wuri. Da aka aiko da labarin rasuwarka na sa ta, na kai bakin titi, na tuna manyan 'yan kasuwar Garwa da za su zauna kusa da ni, na dawo. Ka ɗauki katifata a kanka ba ka ji kunya ba, ni kuwa kunyar wari ta hana ni raka gawarka. Kuma ta yaya zan aika gidan makoki in ce a buɗe akwatin mamaci a ba ni rigata?

Jiya na daure na kira ɗanka Zaharaddin da wayar maƙwabciyata Odette. Ya ce, "Baba, muna ta cigiyarka. Gobe da hantsi zan zo da babur in ɗauke ka." Na buɗe baki zan ambaci rigar, sai ya ƙara da cewa an raba tufafinka sadaka ga mabukata tun ranar uku. Na ce Allah ya karɓa.

Ya Allah ka gafarta wa Muntaka, ka yalwata kabarinsa, ka sanya shi busasshe mai haske. Ka suturta shi kamar yadda ya suturta ni. Idan rigar nan tana jikin wani bawanka yau, ka rubuta masa ladanta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Lauratu, da Zaharaddin da ƙannensa, da Ilham. Allah ya ba ku haƙuri, ku kuma yafe mini jinkirina.

An kira la'asar, Zaharaddin bai zo ba. Gidan makoki ne, ban ga laifinsa ba. Na ba Odette jamfar ta shanya mini a igiyarta. Gobe da ita zan je, ko ta bushe ko ba ta bushe ba.

Hamadu, tsohon malamin makaranta, Garwa