Ba A Yi Wa Kwambina Walda Ba

Lokacin da na sayi tsohuwar kwambi mai gado da risho a ciki, duk Minna babu motar da ta kai ta kusanci da ƙasa. Baturen da ya sayar mini ya sauke ta ne don kwalta, ni kuwa hanyar Kuta nake bi. Kowane rami sai cikinta ya daki dutse.

Wani bakanike a wani gareji a unguwar Sauka Kahuta ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Malam, mu cusa guntun taya a sifirin, mu yi walda, mu fidda gadon nan ka ɗauki fasinja. Haka muke yi."

Na ce, "Oga, ara mini jak da sifana kawai."

Kowace shakazoba tana da zobe ƙarƙashin sifirin, in aka murɗa shi sai motar ta ɗaga. Na yi ta murɗawa ina ƙirgawa, ina aunawa da tef ɗin ɗinkin matata, shi da yaransa kuma suna dariya har la'asar.

Ranar kasuwa na dawo daga Kuta cike da doya, na bi ta gaban garejin a hankali. Cikinta bai taɓa ƙasa ba, gadona kuma yana nan.