Goran da Aka Kife

Ni na kai mahaifina wurin masu fim ɗin nan da ƙafata, kuma ni na nace sai an rubuta sunansa a ƙarshe. Da wannan nake fara labarin kullum, don kada wani ya ce ina zagin mutane na manta da nawa laifin.

A lokacin ina aiki a wata ma'aikata a Birnin Kebbi, ina zaune a Gwadangaji. Labari ya cika gari cewa wani babban darakta, tsohon hannu wanda muka taso muna kallon finafinansa, zai zo ya yi fim a kan yaƙe-yaƙen Kabi na zamanin da. Suna neman wanda ya san gulbi, ya koya wa 'yan wasa shiga ruwa. Ina jin haka na ce ai an gama. Baba ya haura saba'in, kuma tun bai yi gemu ba yake su a Argungu. In masunta biyu suka yi gardama a kan wurin kamu, shi ake kira ya raba. In saurayi zai fara hawan gora, gabansa ake kawo shi. Kowace la'asar yana gindin wata tsamiya a bakin gulbi, inda dattawa ke zama suna ɗinkin homa, ragar kamun kifi, kuma in ya buɗe baki sai kowa ya yi shiru.

Bai so ba. Ya ce, "Mi yag gama ni da 'yan wasa, ɗiyata? Ki bar ni inda Allah ya aje ni."

Na yi ta lallaɓa shi. Na ce tarihinmu ne, in bai je ba baƙi za su yi mana shi yadda suka ga dama. Kunya ta kama shi, ya yarda.

Ga wanda bai taɓa gani ba, goran su wani ƙaton duma ne da ake yanke wa baki a sama. Masunci yana kwanciya a kansa, cikinsa ya toshe bakin, yana tuƙi da ƙafafu, homa a hannu. In ya kama kifi sai ya ɗan ɗaga ya jefa ciki. Bakin gora sama yake kallo. Wannan ba ado ba ne, ba kuma camfi ba. In ka kife shi, da zarar ya ɗan karkata iska ta fice, ruwa ya shiga, kai da gora ku tafi ƙasa tare.

Sati uku Baba ya yi yana koyar da samarin da aka kawo daga nesa, masu tsoron ruwan da bai kai musu ƙugu ba. Babban wurin da fim ɗin ke taƙama da shi shi ne inda mayaƙa za su haye gulbi a kan goruna, su ɓullo wa abokan gaba ta baya. Ranar ɗaukar wurin ina nan, na ɗauki hutu musamman. Darakta ya leƙa cikin na'urarsa, ya yatsina fuska, ya ce ramin da ke saman goruna yana ɓata masa hoto. A kife su, ya ce, bayan goran ya fi santsi, rana za ta fi haska shi.

Baba ya miƙe. "Alhaji, ba a kihe gora. Wanda duk yak kihe shi, gawa tai za a ɗauko."

Darakta ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho in ya fara rikicewa. Ya ce, "Baba, kada ka damu. Za mu ɗauka iri biyu, naka da nawa, daga baya mu zaɓa."

Aka cusa soso a cikin goruna, aka liƙe bakinsu da roba, aka kife, aka ɗauka a wurin da ruwa bai wuce cinya ba. Aka kuma ɗauki irin na Baba sau ɗaya, cikin gaggawa, rana na faɗuwa. Ni wawiya na yarda za a zaɓa ɗin. Har na bi daraktan wajen motarsa na ce, tunda mahaifina ya sha wahala, a rubuta sunansa sosai, ba a cusa shi cikin tarin sunaye ba. Ya ce, "Hajiya, ai dole." Wannan alkawarin kam ya cika shi.

Bayan shekara guda aka kawo fim ɗin. An fara nuna shi a wani babban ɗakin taro a Birnin Kebbi, da rana, ga manyan baƙi da masu sharhi da aka ɗebo daga manyan birane. Na ɗinka wa Baba sabuwar riga, na ɗauko shi daga Argungu. Gaskiya fim ɗin ya ci kuɗi, kuma akwai wuraren da suka sa tsigar jikina ta tashi. Sai aka zo hayin gulbi. Ga mayaƙa nan birjik, kowa kwance a kan kifaffen gora, bayan goran na ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa, ga kiɗa na tashi. Ɗakin ya ɗauki tafi. Wani mai babbar riga a gabanmu har ya miƙe tsaye. Na juya na dubi Baba. Ya sa hannu ya rufe bakinsa, bai sauke ba har aka gama. Da sunansa ya fito shi kaɗai a tsakiyar allo, da manyan baƙaƙe, a matsayin masanin da ya ba da shawara kan sha'anin ruwa, ban karanta masa ba. Bai iya boko ba, na yi zaton zan iya ɓoyewa.

Ba a yi sati ba aka kai fim ɗin Argungu, gidan kallo na bayan kasuwa. Ban je ba, amma ƙanena ya je. Ya ce ana zuwa hayin gulbin sai wani daga baya ya ce, "Kai jama'a, waɗanga yaƙi za su ko lahira?" Dariya ta ɓarke har mai gidan kallo ya tsayar da fim. Suka sa aka maido wurin sau uku. Masu sayar da albasa, masu kabu-kabu, har 'yan kudu masu shago da suka daɗe a garin, duk sun san ba a hawan gora haka. Da aka kai ƙarshe, wani mai karatu ya karanta sunan Baba da ƙarfi. Ƙanena ya ce dariyar da aka yi a nan ta fi ta farko ciwo, don ba ta da yawa, kuma dattawa ne suka yi ta.

Washegari Baba ya tafi gindin tsamiya kamar kullum. Wani abokinsa tun na ƙuruciya, ba tare da ya ɗago daga homar da yake ɗinki ba, ya ce, "Ashe haka kac ce musu a yi? Nawa sunka ba ka?" Baba ya yi bayani. An saurare shi, an gyaɗa kai. Amma bayani a gindin tsamiya ake yinsa sau ɗaya, fim kuwa kullum ana kunna shi a waya. Samari suka fara kiransa mai kifa gora, da farko a bayan ido.

Su kuma masu sharhi ba su gaji ba. A rediyo, a jarida, a waya, hayin gulbin nan suke yabo. Wani malami mai yawan Turanci ya ce wurin ya nuna zurfin bincike, tunda har an ɗauko tsohon masunci na asali ya tabbatar da komai. Ka ji fa. Sun ƙi jin maganar mahaifina a bakin ruwa, sun kuma mai da sunansa hatimi sun buga a kan ƙaryarsu. Da labarin dariyar Argungu ya kai musu, mutumin nan ya ce wai mutanenmu ba su waye da kallon fasaha ba, an ba su tarihin kakanninsu suna neman ramin duma. Ina cikin keke zan tafi aiki na ji wannan a rediyon direba. Na cika na batse. Na kira lambar shirin nan take. Na ce ni ɗiyar masuncin ce, kuma mahaifina ya hana. Mai gabatarwa ya ce, "Mun gode Hajiya, kowa da ra'ayinsa," ya katse ni. Ra'ayi! Wai ko ruwa na shiga kifaffen gora ko ba ya shiga, ra'ayi ne.

Na nemi daraktan a waya, da ƙyar na samu. Ya saurare ni da haƙuri, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce shekara arba'in yana wannan sana'a, kuma mutum nawa ne a duniya suka san inda bakin gora yake kallo? Na ce duk waɗanda mahaifina zai gaisa da su har ya mutu. Sai ya ce zai aiko wa Baba da abin girmamawa.

Kafin abin ya iso, an yi wata gardama tsakanin masunta a kan wurin kamu, irin wadda Baba ke rabawa tun ina goye. Ya yi wanka, ya sa hula, ya zauna a zaure yana jiran ɗan aike. Har aka kira magariba ba wanda ya zo. Ashe wani daban aka kira ya raba. Inna ta ce ya cire hular ya ninke, ya shiga ɗaki. Daga ranar bai sake zuwa gindin tsamiya ba.

Abin girmamawar ya iso cikin kwali. Ƙaton hoto ne a cikin gilashi, jarumin fim kwance a kan kifaffen gora, da sa hannun darakta a ƙasa. Na so in fasa shi a bakin ƙofa. Baba ya hana. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a ba shi ƙusa. Da kansa ya rataye shi a zaure, kai ƙasa.

Na ce, "Baba, ai ka juya shi."

Ya ce, "Gora na nig gyara. Shi ko yaron, ga shi nan ƙarƙashin ruwa, inda zai kasance."

Na yi dariya, sannan na shiga wajen Inna na yi kuka. Na dawo na durƙusa na ce ya yafe mini, ni na ja masa. Ya ce, "Ke dai kin so a san ni. To an san ni."

Shekara biyu ya ƙara a duniya, yawanci a zauren nan. Fim ɗin kuwa ya ci kyaututtuka, har yau ana sa shi a talabijin, kuma sunan mahaifina na nan a tsakiyar allo, ba wanda zai goge. Bayan rasuwarsa na ɗauko hoton na kawo Gwadangaji, na rataye shi a falo yadda ya bar shi. Kusan duk baƙon da ya shigo sai ya miƙa hannu zai daidaita mini shi. Ba na ɗaga murya a gidana, amma a kan wannan ina ɗagawa. Nakan ce a bar shi, haka mai shi ya ce a yi, kuma wannan karon za a ji maganarsa.