Dilkar Goggo Asiya

Ranar wata Lahadi ce, ranar kasuwar Ɗambatta, a kakar shekarar da na shiga aji uku na firamare. Muna zaune a ƙofar gida ni da ƙannena muna tsinkar gyaɗa, hannuwanmu duk ƙasa, sai wata motar kasuwa ta ratse daga titi ta tsaya a bakin masallaci. Wata doguwar mace ta sauko, ta naɗe jikinta da mayafi guda ɗaya ruwan goro tun daga kai har idon sawu. Yaron mota ya sauke mata akwati da wani baƙin faifan ƙarfe. Kafin ta iso inda muke ƙamshinta ya riga ta isowa, irin ƙamshin da ban taɓa shaƙa a jikin mutum ba. Ta durƙusa, ta tambaye mu cikin wata irin Hausa mai nauyi ko nan ne gidan Malam Sule. Muka watsar da gyaɗa muka ruga cikin gida muna ihu an yi baƙuwa Balarabiya.

Ba Balarabiya ba ce. Mahaifinta, Malam Idi, wan kakanmu Malam Sule ne. Ya bar garinmu yana saurayi da niyyar zuwa Makka a ƙafa, kamar yadda mutanen zamanin da suke yi. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya aikin gonar auduga, ya yi aure, ya hayayyafa. Daga baya ya sauke farali, amma bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba. Asiya ce autarsa. Da mijinta ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika, sai ta riƙe sunan gari da sunan ƙanin ubanta, ta yi ta tambaya har ta iso. Ta tarar kakanmu ya daɗe da rasuwa. Babanmu ya karɓe ta da hawaye, ya ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu, ya ce mu kira ta Goggo.

Cikin gida kuwa a hannun Iya yake, mahaifiyar Baba, tsohuwar da ba ta son a sauya mata ko mazaunin tulu. Ba ta taɓa yi wa Goggo rashin mutunci ba, amma komai na Goggo bai kwanta mata ba. Mu da safe koko muka sani, ita kuwa sai ta dafa shayi da kirfa. Takan jiƙa garin dawa ya yi tsami, ta shafa shi siriri a kan faifan ƙarfenta, ta ce sunansa kisira. Ranar da ta fara kai wa Iya, Iya ta ɗaga shi sama tana hango rana ta cikinsa, ta ce, "Wannan takarda ce ko abinci?" In aka yi mata magana, maimakon ta ce to, sai ta ce "aiwa", har yaran unguwa suka laƙaba mata sunan. A makaranta, lokacin tara, 'yan ajinmu suka sa ni a waƙar gaɗa, wai ni ce 'yar gidan Aiwa. Na daina shiga gaɗa da carafke, na koma zama ni kaɗai a gindin katanga.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne ramin. Goggo ta haƙa wani ɗan rami a bayan ɗakinta, takan zuba garwashi da itace a ciki, ta lulluɓe da bargo ta zauna a kan hayaƙin. Ita gyaran jiki take yi, kamar yadda matan Sudan suke yi tun tana yarinya, amma matan maƙwabta suka fara raɗe-raɗin tsafi ne. Aka daina aiko mata yara da ƙwaryar fura. In ta shiga gidan suna sai hira ta mutu. Duk da haka ba ta fasa aiki ba. Tare muke surfe da sussuka, tare muke zuwa rijiya, kuma ni nake raka ta bayan gari tsintar itace, inda takan zaɓi rassan wata ƙaya mai jan ɓawo wadda mu shinge kawai muka san ana yi da ita. Wata rana muna dawowa ta ce mini, "Can ana ce mana baƙi, nan ma ana ce mini baƙuwa." Bayan an gama shigar da dawa rumbu ta gaya wa Baba cewa da zarar an gama bikin Yaya Hadiza za ta koma. Ta ɗaure kayanta ta jingine a kusurwar ɗaki, Baba ya yi ta ba ta baki, ta ƙi kwancewa.

Yaya Hadiza babbar yayarmu ce. Wani ɗan kasuwar hatsi daga Gezawa ta zaɓa, suna son juna sosai, amma danginsa masu shiga birni ne kullum, kuma an ce suna kallonmu ƙauyawa. Ita kuwa ta sha ranar kaka, hannuwanta sun yi kaushi saboda ɓarar gyaɗa da murza ƙuli-ƙuli. Ana cikin shirin biki sai tsohuwar da ke gyara amaren garinmu ta kwanta ciwo. Yaya Hadiza da kanta ta je ta durƙusa gaban Iya ta roƙi a bar Goggo ta gyara ta. Da ƙyar Iya ta yarda, da sharaɗin ba za a sa wa jikarta komai ba sai a gaban idonta.

Haka ta jawo tabarmarta ta zauna a ƙofar ɗakin Goggo, fuska a ɗaure. Goggo ta aike ni in ɗebo garin dawa. Ta kwaɓa shi da man gyaɗa da kanumfari da ɓawon lemo, ta kifa a kan hayaƙin ƙayar nan har ya yi duhu ya ɗauki ƙamshi, ta ce wannan ita ce dilka. Ta dafa sukari da lemun tsami ya yi danƙo, ta ce halawa ke nan, da ita ake cire gashin jiki. Iya ta sa yatsa ta taɓa, ta sansana, ta ce, "Ashe duk kayan rumbuna ne." Daga nan baki ya buɗe. Goggo ta ba ta labarin unguwar Hausawa da ta tashi a ciki, yadda mahauta kan gasa nama da garin ƙuli da yaji da yamma, mutanen ƙasar suna layi, kuma har sunan sun karɓa, agashe suke ce masa. Iya ta sa ta maimaita kalmar, ta yi dariya har tana share ido da bakin zane. "To ashe mu ma mun ciyar da su," in ji ta. Ta shiga ba Goggo labarin Malam Idi yana saurayi, yadda ya tafi ita Iya tana amarya a gidan, abubuwan da 'yarsa ba ta taɓa ji ba. Da aka zo ƙunshi suka ɗan yi gardama, suka sasanta: ƙafa Iya ta ƙunsa da jan lalle irin na gargajiya, hannu Goggo ta zana da baƙin fure har gwiwa.

Ranar ɗaukar amarya matan Gezawa suka cika tsakar gidanmu da manyan mayafai. Da aka fito da Yaya Hadiza aka yaye lulluɓi, sai gwaggon ango ta rangaɗa guɗa. Fatarta tana sheƙi, ƙamshi ya cika zaure, mata suna ture juna don su ga zanen hannunta. Aka kawo musu kisira da miyar busasshiyar kuɓewa suka cinye suna neman ƙari. Gwaggon ango ta tambaya daga wane gari muka ɗauko mai gyaran nan. Iya ta miƙe da sandarta, ta kamo hannun Goggo ta jawo ta tsakiyar taro, ta ce, "Ba ɗauko ta muka yi ba. 'Yar gidan nan ce, jinin Malam Idi." Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Kafin la'asar matan da suka yi mata raɗe-raɗi suna tambayarta wace ƙaya ce take turarawa. Washegari na shiga ɗakinta na tarar ta kwance kayanta tana jera su. A makaranta kuwa, waɗanda suka sa ni a waƙa su ne suka riƙa miƙo mini hannu in zana musu fure da biro.

Goggo ta zauna da mu har ƙarshen rayuwarta. Amare daga ƙauyuka na kusa da na nesa sun bi ta ɗakinta, 'yan mata da yawa sun koyi sana'ar a hannunta, ita ma ta koyi dambu da ɗanwake a wajen Iya. A maƙabartar garinmu aka binne ta, kusa da kakanninta.

Yanzu a Kano nake zaune, kuma duk layin da na bi sai na ga shagon dilka da halawa. A roba ake sayar da su, a waya ake tallarsu, ba mai zuwa bayan gari neman itace. 'Yata ta ɗauka tun fil azal Hausawa suke da su, kuma ba na yi mata gardama sosai, don sun riga sun zama namu kamar yadda naman gashinmu ya zama na mutanen can. Sai dai in na wuce shagunan nan nakan tuna tsofaffin nan biyu a tabarma ɗaya suna dariya. Na yi sa'a da na ga yadda baƙon abu yake zama ɗan gida.