Kumburin Ƙafar Maijego

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin asibiti a Zariya aka tura ni Birnin Gwari, in yi wata uku a ɗakin shan magani na En'e. Zamanin Turawa ne, likita sai ya zo rangadi ake ganinsa. Mai riƙe da wurin wani dattijo ne da ya yi aikin jinya a soja, kowa Malam yake ce masa. Ni kuwa na zo da hadda cike da kai. Ɗakunan zuciya huɗu da hanyar da jini ke bi, ina kawo su ba gargada.

Wata Laraba aka kawo wata maijego daga Damari a kan jaki, sun keto daji ita da mahaifiyarta. Ƙafafunta sun kumbura sumtum, in ka danna sai gurbin yatsa ya zauna. Na ce sanyi ne, na miƙa hannu ga man shafawa. Sai Malam ya tambayi tsohuwar yadda 'yarta ke barci. Ta ce a zaune, jingine da bango, in ta kwanta numfashi sarƙewa yake. Ya nuna min jijiyar wuyan maijegon da ta yi ruɗu-ruɗu, ya sa aka tokare mata baya da matasai, ya ba ta ƙwayar magani, sannan ya ce in biyo shi.

Mahauta muka je. Ya roƙi sarkin pawa zuciyar saniya haɗe da huhunta, ya tsaga, ya cusa yatsana cikin ɗakin hagu mai kauri. Ya tambaye ni, in wannan ɗakin mai tura jini ya gaji, jinin da ke biye da shi ina zai nufa? Ƙudaje na bin hannuna, na ce zai taru a huhu. Ya ce bayan huhu fa? Na bi hanyar da baya, har na iso wuya da ƙafa.

"To, me ƙafa ta yi maka da za ka shafa mata magani?"

Da muka koma ya zauna a ƙasa kusa da tsohuwar. Ta faɗa masa da alfahari cewa ba ta taɓa fashin yi wa 'yarta wankan jego ba, ruwa tafasasshe safe da yamma, ga wuta ƙarƙashin gado, ga kunun kanwa ƙwarya guda. Ya yaba da ƙoƙarinta tukuna.

"Inna, kanwa riƙe ruwa take a jiki, zuciyar 'yarki kuwa haihuwa ta gajiyar da ita. A sauke mata kaya ta huta."

Tsohuwar ta yi ta gunaguni, wai haka aka yi mata ita ma ba ta mutu ba. Amma ta surka ruwan wankan, ta ajiye kanwar.

Ni aka ɗora wa ƙirga bugun hannun maijegon kowace safiya kafin a ba ta ƙwayar, in ya yi nawa a dakata. Bayan kwana goma sha biyu ta soma barci a kwance. Ranar da aka sallame su ita ta goya jaririnta, tsohuwar ta hau jakin.