Waƙar Honoré Guda Ɗaya

Honoré, mijin yayata Ginette, ya shekara talatin da biyar yana raba wasiƙu a garin Aubusson, kuma abu ɗaya tak ya iya a duniya: tsohuwar waƙar soyayyar nan ta bayan yaƙi, wadda ko jariri ya san amshinta a ƙasar nan. Na ce ya iya? Allah ya yafe mini. Ya dai maƙale mata.

Kowane biki, da an kawo cuku a ƙarshen cin abinci sai ka ji yana ƙwanƙwasa kofi da cokali. Ya miƙe, ya ja wando kan tumbi, ya dafe ƙirji, ya lumshe ido, wai shi mawaƙi. Murya kamar ana jan tebur a siminti. Da waƙar ya nemi auren Ginette, da ita yake lallashinta duk ranar da ya dawo a buge, don bakinsa bai taɓa koyon "yi haƙuri" ba. Ni ban taɓa ƙaunarsa ba, kuma ya sani.

Bara kan Ginette ya rikice, aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Ta manta ni, ta manta 'ya'yanta, ta manta shi. Honoré ya ce sam.

"Ke Solange, zuba ido," in ji shi. "Waƙarmu ce. Baiti ɗaya zan yi, ta kira sunana."

Na ce, "Taku ku kaɗai? Waƙar da har a tallan sabulu ake sakawa?"

Ranar Lahadi ya ci kwat, ya shafe 'yan gashinsa uku da mai, ya tsaya tsakiyar ɗakin cin abincin gidan tsofaffin ya ɓarke da waƙa. Kafin ya kai amshi tsofaffi ashirin sun karɓe, har da wata da ba a ji bakinta ba tun Kirsimeti. Ginette ma tana rerawa, ba kuskure ko ɗaya, hawaye shar. Gogan naka ya zube gabanta yana haki, yana jira.

Ta dafa kafaɗarsa.

"Sannu, bawan Allah, ka kyauta. Mijina ma yana yin ta, amma shi kashe ta yake yi. Shekara da shekaru ina daurewa. Don Allah kar ka gaya masa."

Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa. Ni na ɗago shi daga ƙasa.